Yadda Aka Mai da Hajiya Lantana Kayan Tarihi

Jiya bayan azahar Malam Sallau ya yi wani mafarki, kuma in kun tambaye ni, shi ya jawo wa kansa.

Malam Sallau tsohon malamin motsa jiki ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana kora 'ya'yan mutane zagayen fili a wata sakandare a Funtuwa. Ya yi ritaya shekara takwas ke nan, amma har yau ba wanda ya sanar da ƙafafunsa. Kullum bayan asuba sai ya taka kilomita shida, usur rataye a wuya, kai ka ce akwai wanda zai hura wa. Shi ya sa da ƙungiyarsu ta 'yan fansho ta shirya yawon buɗe ido zuwa wani tsohon birni na bakin teku, can kudu, suka ɗora masa tsara wuraren da za a gani. Kuskuren da suka yi ke nan. Ya zauna ya jero wuri tara, duka a yini ɗaya, duka a ƙasa.

Matarsa Hajiya Lantana, wadda ta yi aikin karɓar haihuwa a asibiti har gwiwarta ta hagu ta ce ta gaji, ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa.

"Malam, a ina za a zauna a huta?"

"Zama kuma? In zama ne ai ga gida. Ke ki yi zamanki a masauki, in mun dawo na ba ki labari."

Ta ce, "To," ta mayar masa da takardarsa. Shekara arba'in da ɗaya da aure, amma bawan Allahn nan ko ɗaga kai bai yi ya dubi fuskarta ba. Ya ci dambunsa ya ƙoshi, ya kora da ruwan randa, ya miƙe a ƙarƙashin fanka.

Sai ga su a ƙofar birnin, shi a gaba da takarda, ita a baya da jaka, yadda suka saba tafiya tun suna ango da amarya. A bakin ƙofa akwai tebur, a bayan teburin wata ƙaguwa ce sanye da hular ma'aikata. Ta karɓi takardar ta karanta daga gefe, ta buga hatimi a gefe, ta miƙo masa ta gefe.

"Barka da zuwa. Doka ɗaya ce a garin nan. Duk abin da ya zauna wuri ɗaya ya wuce minti biyar, kayan tarihi ne."

"Ni ba na zama," in ji Malam.

"Haka hasumiya ma ta ce."

Suka shiga. Ba su yi nisa ba suka zo wani benci a gindin kwakwa. Ya ji Hajiya daga baya tana cewa, "Malam, bari in ɗan…" Kafin ta ƙarasa ya sha kwana.

Wuri na ɗaya hasumiyar fitila ce, wadda ke haska wa jiragen ruwa hanya. Ya tarar da ita kwance a kan yashi, ta tada kai da wani kwalekwale. Matakalarta ɗari biyu da goma, ya haye su a guje, a kwancen da suke, ya fito ta inda ya shiga.

"Me ka hango daga sama?" in ji hasumiyar.

"Ban duba ba, ina sauri."

"Yawancinku haka kuke."

Ya sa mata alamar maki a takarda.

A kasuwar kifi, kifayen ne ke da rumfuna, mutane ke wucewa ana duba su. Wata tarwaɗa mai ɗaurin ɗankwali ta tare shi, ta danna kumatunsa da yatsa, ta ɗaga leɓensa ta leƙa.

"Na jiya ne?" in ji maƙwabciyarta.

"Wane na jiya. Na bara ne, amma an shanya shi da kyau."

Malam ya ji daɗin wannan magana har cikin ransa. Ya sa maki.

Tsohuwar igwa, babbar bindigar nan da ke kan ganuwa, mura take yi. An lulluɓe ta da bargo, wani soja na ɗura mata shayi da citta ta baki. Duk atishawar da ta yi sai tattabaru su fito su koma. Ya ce mata Allah ya ƙara sauƙi ba tare da ya tsaya ba. Tsohon kurkuku kuwa ya same shi a kulle ta ciki, fursunoni sun hana kowa shiga, sun ce baƙi na ɓata musu waje. Wannan ma ya sa maki, tunda dai ya ga ƙofar.

A tashar jiragen ruwa ne ya ɗan ja birki. Ga jirage manya manya tsaye a kan busasshen yashi, matuƙa na share ƙarƙashinsu da tsintsiya. Ruwa ko na alwala babu.

"Ina tekun?" ya tambayi wani matuƙi.

"Ya yi ritaya. Yau ya tafi tantancewa, a tabbatar yana raye. Sun ce ya zo da hoto biyu da takardar haihuwa."

"Yaushe zai dawo?"

"In layi ya yi sauƙi, la'asar."

Malam ya girgiza kai. Ya san layin nan, ya san bencinsa, ya san ranarsa. Ya ce a gaishe shi, ya sa rabin maki.

Yana neman wuri na shida ya ci karo da wani layi, dogo, ya zagaye titi biyu. Turawa da huluna, 'yan makaranta, matuƙan nan da tsintsiyoyinsu, har da tarwaɗar ɗazu ta rufe rumfa ta zo. Ya tambaya aka ce sabon abin kallo ne, yau aka gano shi, duk garin ba kamarsa. Abin ya sosa masa rai, a ce akwai wurin da ya fi kowanne kuma babu shi a takardarsa. Ya rubuta lamba goma ya bi layi, yana tsalle a inda yake don kada minti biyar ta kama shi.

Da ya iso gaba sai ya ga bencin nan na gindin kwakwa. An kewaye shi da jar igiya. A kai Hajiya Lantana ce zaune, jakarta a cinya, an kafa allon tagulla kusa da ƙafarta. Wani zalɓe mai sandar nuni yana yi wa jama'a bayani.

"Wannan da kuke gani an kafa ta shekara sittin da huɗu da suka wuce. Ku dubi hannuwan. Haihuwa dubu uku da wani abu suka karɓa, wasu da fitilar ƙwai. Gwiwar hagu ta samu wannan tsagar ne a shekarun da take zaga ƙauyuka a ƙasa, lokacin da motar asibiti ba ta da taya. Masana sun ce ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na dam girma ba, kuma tun tana yarinya take so ta ga inda ƙasa ta ƙare. Kada a taɓa, kada a jingina."

Malam ya tsaya da tsalle. Shi dai bai san da wannan zance na ƙarshe ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye hannunsa.

"Hajiya," ya ce a hankali, "tashi mu tafi."

"Sannu da zuwa, Malam. Ka ga wuraren?"

"Na gani."

"Yaya suke?"

Ya buɗe baki, ya duba takarda. Maki ne kawai a ciki.

Sai ga ƙaguwa ta iso ta gefe, wasu agwagi biyu na biye da ita da baro da shebur. Suka juye siminti a ƙasa suka fara kwaɓawa.

"Wannan fa na mene ne?" in ji Malam.

"Na ƙafafunta. Da an kira la'asar za mu zuba. Ka san kayan tarihi, in ba a kafe su ba sai a yi ta yawo da su."

"Matata ce."

"Da. Yanzu ta jama'a ce. Kana iya zuwa kallo Litinin zuwa Alhamis, 'yan fansho kyauta ne."

Nan fa ya tuna gida, ya tuna kujerarta a tsakar gida ba kowa a kai, ya ji tsoro sosai, tsoron da bai ji irinsa ba tun ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata. Ya cire hula ya riƙe a hannu, abin da bai taɓa yi wa shugaban makaranta ba.

"Ranki ya daɗe, ba wata hanya?"

Ƙaguwa ta buɗe littafin doka ta gefe. "Akwai. Abin da ke tafiya ba kayan tarihi ba ne. Daga nan zuwa bakin ruwa taku ɗari ne. Ku yi shi a jere, kafaɗa da kafaɗa. In ka wuce ta ko da yatsa ɗaya ne, ta koma benci."

Malam har ya yi dariya. Taku ɗari, ga mai kilomita shida? Ya ɗaga igiya, Hajiya ta dafa gwiwa ta miƙe. Ɗaya, biyu, uku. Ya juya zai ce mata ai ka ga, sai ya hango ta a kan benci, zalɓe na ci gaba da bayani.

Karo na biyu ya dage. Ya kafa ido a ƙasa, ya cije leɓe, ya kai taku arba'in yana zufa kamar mai dakon buhu. Sai idonsa ya faɗa kan wani allo a tsallaken titi: Tsohon Gidan Kwastan. Lamba bakwai ce a takardarsa. Wallahi bai yi niyya ba, ƙafar dama ce ta tafi da kanta. Da ya waiwayo, benci.

Agwagi sun gama kwaɓi, sun jingina da shebur suna jira. Daga wani masallaci can aka ji an kunna lasifika, tana ƙara.

Ya dawo ya tsuguna a bakin igiya. "Hajiya, ban iya ba. Ban san yadda ake yi ba."

"Na sani," in ji ta. "Miƙo hannunka. Ba gaba ba, nan gefe. Yauwa. Yanzu ja numfashi. Kada ka yunƙura sai na ce."

"Kamar mai naƙuda?"

"Su sun fi ka jin magana."

Suka fara. Takunta gajere ne, ƙafar dama ta tafi, ta hagu ta biyo a ja. Malam ya saurari takun ya bi shi. A taku na ashirin ya lura ƙofofin gidajen titin duk sassaƙaƙƙu ne, kowace da kifinta daban. A na talatin da biyar ya ga wata tsohuwa a taga tana shanya inuwarta a igiya, ta ɗaga musu hannu. Sun wuce gidan kwastan, ƙafarsa ta dama ta yi ɗan motsi, Hajiya ta matse masa yatsu, ta koma. A na sittin iska ta canza, ta zo da gishiri gishiri.

"Malam, ka ji?"

"Na ji."

"Tekun ne?"

"Ina jin an sallame shi."

Ladan ya ƙwanƙwasa lasifika sau biyu, ya yi gyaran murya. Bayansu Malam na jin ƙarar baro, agwagi sun biyo su a hankali da simintinsu. Tamanin. Duk jikinsa na ce masa ya sure ta ya ruga, amma hannunta na ce masa a'a, ya bi hannun. Casa'in. Tudun yashi ne kawai ya rage a gabansu, daga bayansa kuma wani sauti na tasowa, shaaa, tas. Shaaa, tas. Casa'in da biyar. Hajiya ta tsaya ta huta, shi ma ya tsaya. Ladan ya ja numfashi. Casa'in da shida. Shaaa, tas. Casa'in da bakwai.

Ya buɗe ido. Fanka ta tsaya, an ɗauke wuta. Amma sautin na nan, daga tsakar gida yake zuwa. Shaaa, tas.

Ya ɗaga labule. Hajiya Lantana ce ke zagaya tsakar gida tana bin bango, gwiwar hagu ɗaure da bandeji, silifa ɗaya na ja a kan siminti, ɗaya na bugawa. Duk sanda ta zo wajen randa sai ta ajiye ƙwallon dabino ɗaya a kan murfin. Ya ƙirga daga inda yake, goma sha biyu.

Ya fito ba takalmi.

"Hajiya, me kike yi?"

Ta ɗan tsorata, sannan ta gyara mayafi. "Au, ka tashi? Ba komai. Ƙafa nake miƙewa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka ce za a je. Da huɗu na fara." Ta dubi ƙwallayen, ba ta dube shi ba. "Na ce ko wuri biyu ne in samu in bi ku. Ba zan tsayar da kowa ba."

Sati shida ke nan tana yi, kullum a lokacin da yake barci. Malam Sallau ya taka simintin nan mai zafi ya zo ya tsaya a gefenta na hagu.

"Malam, wuce mana, ka san ni da nawa."

"Na sani," in ji shi. "Ɗaga ƙafar, ina jiranki."