Ƙwallayen da Auta Ta Haɗiye

Malama ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a jami'a, tana nazarin wasu sinadarai masu dogon zare da ke ɗauke da cajin lantarki. Wata rana ta dawo gida da 'yar kwalba cike da busassun ƙwallaye kamar kan ashana, za ta nuna wa ɗalibai washegari. Ta ajiye a teburin falo, ta shiga wanka.

Da ta fito, kwalbar na ƙasa a buɗe. 'Yarta Auta, mai shekara biyu, na zaune tana tanɗe baki.

Ƙwallayen sun ragu. Malama ta san abin sarai. Kowace ƙwallo zare ne a cukurkuɗe, cajinsa na riƙe da ƙananan ƙwayoyi masu kishiyar caji. Ba su da hanyar fita, sai su yi ta janyo ruwa ciki. Ta sha ganin guda ɗaya ta kumbura ta kai ƙwan tattabara.

Surukarta ta taho da kofi a hannu. "Ba ta ruwa ya wanke cikin."

"Mama, don Allah kar ki ba ta. Ruwan ne zai kumbura su."

Tsohuwar ta tsaya. Ta ajiye kofin, ta jawo mayafi.

A cikin tasi Auta sai wasa take da madannin ƙofa. Malama ta yi ta taɓa cikin yarinyar, ta kasa gane ko ya ƙara tauri ko hannunta ne ya mutu.

A asibiti Malama ta ce, "Likita, a wurin aiki gishiri muke zubawa su motse." Ta ƙara da, "Ko a ba ta?"

Likita ya ce, "Gishirin da zai yi wannan aikin zai illata ta. Tsamin tumbi na danne su yanzu. Mu ciro su tun ba su gangara hanji ba."

Aka sa wa Auta maganin barci, aka tura ta ɗakin tiyata. Malama ta zauna a benci. Surukar ta dafa mata gwiwa.

Da likita ya fito, ya nuna musu faranti da ƙwallaye kaɗan, sun fara yin ɓul-ɓul. Ya ce mai yiwuwa ɗaya ta wuce hanji, don haka za a riƙe yarinyar a sa mata ido.

Washegari da hantsi nas ta ga ƙwallon a cikin kunzugun Auta. Sai a lokacin Malama ta iya kiran mijinta ba tare da kuka ya ƙwace mata ba.