Shafi Ɗari da Goma Sha Huɗu

A karo na tara bidiyon ya sake sarƙewa. Mai kiran sunaye ya buɗe baki, layin ɗalibai cikin dogayen riguna ya matsa taku ɗaya, sai hoton ya daskare, murya ta yi gaba ita kaɗai tana tsinkewa. Da hoton ya farfaɗo, wasu fuskoki ne daban a kan dandamali. Tsohon sitokifa ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sai ka ce laifin daga nan yake.

"Minti na nawa ta ce?" ya tambayi matarsa, wadda ke ninke wanki a bakin gado.

"Na arba'in da bakwai. Sau uku ke nan kana tambayata."

"To ga shi. Duk sanda na zo nan sai ya tsallake."

"Tun farkonsa yake tsallakewa, Malam. Jawabin shugaban makarantar ma rabi muka ji."

Ya mayar da ido kan allon kwamfutar. Jiya ne aka yi bikin yaye ɗalibai a jami'ar da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta yi shekara huɗu. Nisan tafiya da ciwon gwiwa sun hana shi zuwa, shi ne ta turo adireshin shafin da aka sa bidiyon. Matarsa tun da asuba ta kira ta, ta yi kukanta na murna ta gama. Shi kuwa ya ƙi karɓar wayar. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da makullin sito, bai taɓa sa hannu a kan kwalin da bai buɗe ba. Kuma akwai abin da ba a faɗa a gidan: yayan Auta ya taɓa yin shekara biyu yana fita da jaka kullum safe, alhali makaranta ta daɗe da sallamarsa. Tun daga ranar tsohon bai ƙara yarda da labarin karatu a baki ba.

Ya kashe na'urar intanet ya kunna. Ya leƙa taga yana harar gidan maƙwabci, don ya daɗe yana zargin suna jan netwok ɗinsa ta katanga. Ya dawo, ya matsar da kwamfutar kusa da ƙofa, ya sake dannawa. Ɗan zoben nan ya fito tsakiyar allo yana ta juyawa abinsa.

"Yarinyar nan ta san kwamfuta fiye da mu," ya ce a hankali. "Idan mutum yana so ya lalata wuri ɗaya a bidiyo, ai zai iya."

Matarsa ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ka ji tsoron Allah. 'Yarka ce fa."

"Wancan ma ɗana ne."

Ya sa kwamfutar a jaka, ya ɗauki sanda, ya fita. A cikin bas ya rungume jakar a ƙirji har aka isa layin masu gyaran waya.

Mai gyaran wani ƙaton mutum ne mai furfura a gemu, shagonsa cike da matattun kwamfutoci a jere har rufi. Ya miƙa hannu zai kai kwamfutar ciki, tsohon ya riƙe.

"A gabana za ka duba."

"Baba, ba zan cire mata hanta ba," in ji mai gyaran yana dariya. "To zauna. Ko in buɗe maka a wayata ka gani, ka huta?"

"A tawa nake so in gani."

Mai gyaran ya haɗa ta da intanet ɗin shagon, ya kunna bidiyon, ya sarƙe kamar ɗazu. Ya rage kyan hoton, bai hana ba. Ya kara kunne a jikinta, fankar ciki tana ta huci. Sannan ya dubi saman burauzar, inda shafukan intanet da aka buɗe ke jeruwa, ya matso da fuska, ya yi salati.

"Baba, waɗannan fa? Yaushe rabonka da rufe shafi?"

"Rufewa kuma? In na rufe ai ya ɓata."

"Ko ka kashe ta, da ka kunna sai su dawo, ko?"

"Haka na sa aka saita mini."

Mai gyaran ya ƙirga, shafi ɗari da goma sha huɗu, kowanne ya matse har sunansa ba ya karantuwa. Ya fara dannawa ɗaya bayan ɗaya. Jadawalin jarrabawar jami'a na shekarar farko. Ranar komawa hutu. Taswirar ɗakunan kwanan ɗalibai mata. Jerin malaman sashen Auta da hotunansu. Sanarwar yajin aiki, wadda tsohon ya buɗe ranar da ta ce masa ba a karatu. Duk maganar da ta taɓa faɗa masa a waya, akwai shafin da ya buɗe don ya gwada, ya bar shi a buɗe yadda yake ajiye takardun sito.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, Auta ce. Ya bar ta tana ringi har ta katse.

"Bidiyon nan lafiyarsa lau," in ji mai gyaran, ya daina dariya. "Kwamfutar ce ka ɗora wa kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Sai an rufe su."

"Kai ma dai so kake ka goge mini shaida."

"Ni ina ruwana da shaidarka, Baba? Zan adana maka adireshinsu in kana so. Amma ko su, ko bidiyon."

Tsohon ya jawo kwamfutar gabansa. Sannan ya ce a rufe, amma shi zai danna da hannunsa. Ya ɗauki kusan minti goma yana yi, yana karanta kowanne kafin ya kashe. Fankar ta yi shiru.

Bidiyon ya tafi sumul. A minti na arba'in da bakwai aka kira sunanta haɗe da nasa, ta hau dandamali da hular nan ta karkace mata, ta karɓi takarda, ta juyo ta dubi kyamara kai tsaye ta tsaya, har na bayanta ya ɗan taɓa ta. Daɗi ya kama tsohon. Ya sa aka mayar sau uku, yana nuna wa mai gyaran da sanda, yana cewa tawa ce, waccan tawa ce.

A bakin shagon ya kira Auta.

"Auta, Allah ya yi miki albarka. Na gan ki."

"Amin, Baba. Mama ta ce ka fita da kwamfuta."

"E, ɗan gyara ne."

"Ka ga fuskata sosai dai? Da gangan na tsaya."

"Na gani."

"To alhamdulillahi," ta ce, babu fushi a muryarta ko kaɗan. "Tun jiya na so in ɗauki hoton takardar in turo maka, sai na ce za ka ce a kasuwa aka buga ta."

Masu tura baro suna ta neman hanya ta gefensa. Ya tsaya da wayar a kunne, yana neman abin da zai ce mata, ita kuma tana jira.