Hatsin da Baba Ya Jera

…kuma da sanyi. Wa zai ce akwai sanyi irin wannan a Tibiri da rana tsaka? A waje ƙasa na tururi bayan ruwan jiya, nan ciki kuwa kamar gindin rijiya. Ƙanshin hatsi, ƙanshin toka, ganyen bedi, wato darbejiya, ya bushe yana marmashewa ƙarƙashin ƙafata. Maza sun ɗage jinkar rumbun, baffa Maman Lawali ya ce ni zan shiga — kai ne babba yanzu, Idirisa — na shiga. Ga ni tsaye kan abincin gidanmu, ba takalmi.

Baba, kai ka jera wannan?

Dami kan dami, kowane ya kwanta jikin ɗan'uwansa, ba inda ɓera zai sa hanci. Ɗaurinka ne, na gane shi, ƙullin nan mai ɗan wutsiya da ba ya kwancewa sai an ja ta hagu. Inna ta ce lokacin tari ya riga ya kama ka. Sai ka ɗaure ɗaya ka zauna, ka tofar, ka miƙe… Ka san ba za ka ci ba. Ka sani mana. Kuma ka tsaya zuba toka tsakanin jeri da jeri saboda ƙwari, kamar mai sauran shekara goma a gaba. Ikon Allah. Mutum na kabari, yana ciyar da gida.

Ni da nake ganin na iya shiri! Shekarun nan a Sabha ta Libiya, jakata ce matashin kaina. Jarkar ruwa da na ɗinke cikin buhu don kar ta yi zafi. Tocila. Ashana cikin leda, ledar cikin wata leda. Wuƙa mai naɗewa, gwangwanin sardin, dabino, ƙaramar rediyo. In aka ce ga 'yan sanda, kafin a rufe baki na haura katanga. A hamada na ga ƙarti sun faɗi ni ban faɗi ba, don na san yadda ake shan ruwa da murfin jarka. Shiri ne, ai shiri ne — amma na ciki ɗaya. Duk abin da ke jakar nan na mai gudu ne.

Zogale. Ranar da na sauka, ƙarshen bazara, zogale na tarar a tukunya, wanda Inna take tsinkowa a lambunan Jiratawa, da ɗan ƙuli-ƙuli. Wuyanta duk jijiya. Na dubi rumbu, na dube ta. Rumbu cike kuna kwana da ganye? Na ɗauko gatari zan sare igiyar. Ta sha gabana, 'yar ƙaramar mace, ko muryarta ba ta ɗaga ba. "Mi za ka yi? Ba a buɗe wanga sai ruwa ya sauka. Na mai noma ne. In mun cinye shi da rani, da wane ƙarfi za a riƙe hauya?" Duk rani tana ganinsa. Safe, rana, ta wuce ta gabansa da yunwarta, ta share gindinsa… ta share gindinsa, Baba!

Maradi kuwa ta rikice. Sefa ta faɗi, shinkafa ta hau, malamai na yaji, ma'aikatan unguwar Zariya sun fara fito da fankokinsu kasuwa. Kowace kusurwa tutar jam'iyya, kowa na ihun canji. Na ce wa kaina ƙasar nan ba ta zaunuwa, Idirisa, ɗauki jakarka. Hamidu direba ya ajiye mini wuri a motarsa, yau bayan la'asar za ta tashi daga Sabon Gari zuwa Agadas. Ban faɗa wa kowa ba. Na ce in buɗe musu rumbun, in sauke hakki, in sulale.

To ga shi na ɗaga na sama, ƙarƙashinsa wani launi ne daban. Ya fi duhu. Na bara waccan ke nan? Can ƙasa kuma wani. Wato kowace shekara sai ka bar saura, ko shekarar da fari ya cinye gonar, ka bar saura… lokacin muna yara muna kuka tuwo bai isa ba, ashe nan yake. Ashe duk kwanon da ka hana mu, nan ka kawo shi. Gwamnati ta zo ta tafi, soja, taron ƙasa, zaɓe, wannan abin yana nan cikin duhu yana jira, ba ruwansa.

Damin nan da nauyi. Na miƙa shi sama, baffa ya karɓa da bismilla, ƙaiƙayi na zubo mini a ido. Inda na cire shi ya bar gurbi, daidai tsawon mutum in ya kwanta. Wa zai cike shi da kaka? Baffa da bayansa ya ƙi miƙewa? Inna?

"Idirisa," muryar Inna ta cikin zana, "ya kake gani, zai kai mu?"

Zai kai. Na bana zai kai, har da saura. Amma na baɗi… Rana ta fara karkata, inuwar bakin rumbun ta hau mini ƙirji, can Sabon Gari ana ɗaure kaya, ni kuma ƙafafuna sun nutse cikin hatsi har idon sawu, na sunkuya na kama dami na gaba…