Baƙon Gidan Labaran

Duk wanda ya buɗe manhajar da Sadi ya rubuta wa fataken Adjamé sai ya yi salati. Layi dubu shida ya cusa a fayil guda, Faransanci da Hausa da Nouchi, yaren 'yan titin garin, a cakuɗe, abin shiga da abin ajiyar bayanai da launin maɓalli duk a tukunya ɗaya. Da ya samu aiki a Dakar ya tattara ya tafi, ya bar wa ƙanwarsa Nuriyya wannan gado.

Aikin manhajar bai taka kara ya karya ba. Kaya su iso sito a Roxy, cikin Adjamé, a rubuta na wane ne, mai sito ya duba waya ya miƙa wa mai shi. Kawunsu Alhaji Labaran ne ya sa aka yi ta, domin shi maigidan fatake ne a unguwar Bracodi. Mutum ya taso daga Kano ko Katsina ya sauka a gidansa, ya ci abincinsa, shi kuma ya tsaya masa a kan kayansa har su bar gari. Shekara talatin yana wannan, ko ƙyalle bai taɓa ɓata a hannunsa ba, kuma yakan faɗi haka ko ba a tambaye shi ba.

Nuriyya ba ta jure hargitsi. A ɗan ofishinsu da ke Arras, cikin unguwar Treichville, saman wani shagon walda, ta samo tsararren samfuri irin wanda masu rubuta manhaja ke fara aiki a kansa: foldar fuskoki daban, ta bayanai daban, ta gwaji daban, kowane abu da mazauninsa. Mako biyar ta yi tana kwashe aikin Sadi tana jerawa a ciki, tana jin daɗi kamar mai jeren ɗaki. Samfurin ya zo da nasa tsarin rajista, suna da sunan uba da lambar waya. Na Sadi kuwa yana da ƙarin gurbi da ke nuna gidan da mutum ya sauka, kuma ya warwatsa shi a wuri goma sha bakwai. A samansa ya rubuta da Faransanci cewa kada a taɓa. To, Sadi ya rubuta haka a kan abu arba'in, har da launin kore. Ta ga babu inda gurbin zai zauna a sabon tsari ba tare da ya ɓata shi ba, ta ce ai ga lambar waya, ta goge. Ba ta tambayi kowa ba, domin a ganinta wannan ba maganar tsofaffi ba ce.

Kwana tara da sakin sabuwar manhaja, Kawu ya kira ta da hantsi ya ce ta zo Roxy. Bai ko gaishe ta ba.

A bakin sito ta tarar da shi tsaye da Ibrahimu Nomau, mutumin Kano da ya shekara goma sha tara yana sauka a gidansu, wanda tun tana yarinya take kira Baba Nomau. Dila goma sha huɗu na atamfarsa, waɗanda ya yi niyyar kai wa kasuwar Sallah, an loda su a mota tun shekaranjiya sun nufi Yamai. Wanda aka ba wa ma Ibrahimu Nomau ne, amma baƙon gidan Alhaji Abdulra'uf, shi ma yana jiran atamfa, ya karɓa da zuciya ɗaya. Mai sito sai rantsuwa yake yi. Ya ce da, ƙarƙashin kowane suna yana ganin baƙon wane ne, da shi yake rarrabewa. Yanzu sai lamba, alhali fatake kowace tafiya da sabon layin waya suke zuwa, wa zai haddace?

Ba a yi sata ba, kaya za su dawo. Amma mako uku ne zuwa da dawowa, Sallah kuwa saura kwana goma sha biyu.

Abin da ya fi cin Nuriyya shi ne Kawu bai ko dube ta ba. A gaban mutane ya ce laifinsa ne, ya tsufa, ya daina zuwa sito da ƙafarsa. Ta so ta yi magana, Hausarta ba ta kai ba, Faransancin kuma ta san zai zama rashin kunya a wurin. Ta hau gbaka, ƙaramar motar haya, ta koma Treichville tana jin kunya da haushin kanta. Kafin azahar ta mayar da gurbin. Minti arba'in ya ɗauke ta, ya kuma zauna daram a foldar bayanai, a wuri ɗaya tak. Ganin sauƙin abin ne ya sa ta kuka.

Da la'asar ta je Bracodi. Ta tarar da jakar Baba Nomau a ɗaure a tsakar gida, shi yana kan tabarma yana sa takalmi. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, tana haɗawa da Faransanci inda Hausa ta ƙare mata, ta ce ita ta goge, Kawu ko sani bai yi ba, kuma ta riga ta gyara.

Ya saurare ta har ƙarshe, babu fushi a fuskarsa.

"Na ji, 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika faɗa. Amma ni ba waya na ba wa kayana ba, Alhaji na ba. Kin ga da zai miƙa su ga wani hannu, da sai ya gaya mini."

"Baba, pardon, sau ɗaya ne fa. Ba zai ƙara faruwa ba."

"Na sani. Waɗanda muka haɗa jarin kayan da su a Kano ne ba su sani ba. Sun ce in canza gida."

Kawu ya fito daga ɗaki sanye da babbar riga, irin wadda yake sawa ranar Juma'a. Ya ce wa Nomau ba zai bar shi ya shiga gidan Abdulra'uf shi kaɗai kamar korarre ba, zai kai shi da kansa ya damƙa shi, ya gaya wa mutumin irin abincin da cikinsa ba ya so. Nuriyya ta miƙa hannu za ta ɗauki jakar.

"Bar ta," in ji Kawu. "Baƙona ne har mu isa ƙofar can."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗaga ta, nauyinta ya karkatar da kafaɗarsa. Maƙwabta na zaune a ƙofofinsu suna kallo, duk sun san abin da jakar ke nufi. Bai bi ta lungu ba, ta babban titi ya bi, yana gaisawa da kowa.