Shago Marar Ƙofa

Ibrah Maidoki ya bar Filinge da sassafe, ɗauke da ƙaton kwaɗon rufe ƙofa, da allon shago mai sunansa da jan fenti, da wata 'yar kwalba da ya naɗe a tsumma ya cusa a aljihun ƙirji. Allon ya ƙi shiga mota, sai a bisa aka ɗaure shi tare da buhunan wake da ragon wani. Ibrah makanikin moto ne, wato babur, ya tsufa a rumfarsa ta bakin tasha yana sayar da buji, wato fulogi, da sarƙa, yau kuma za shi Baleyara karɓar shagon da ya saya. Rumfar ya riga ya bar wa ƙanensa, ya kuma gaya wa duk wanda ya tsaya gaisuwa, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Shagon na Nafi'u ne, wani saurayi da Ibrah bai taɓa gani ido da ido ba. Ta waya Ibrah yake yi masa odar kaya, su iso a motar kasuwa. Da Nafi'u ya sami aiki a Lome ya ce zai sayar, Ibrah ya yi wuf. An dai gaya masa shagon na intanet ne. Shi kuwa a ransa wannan shago ne mai kwamfuta a ciki, irin na masu fotokofi.

Kwalbar ta Inna Tambara ce, mahaifiyarsa, da ke can ƙauye tana riƙe da al'adar kakanni. Babu sabuwar ƙofar da wani nata ya taɓa shiga, ta ɗaki ko ta rumbu, ba a zuba ruwan wata saiwa da take jiƙawa a bakin ƙofar ba. Wannan karon da rarrafe ta tono saiwar, ta kuma ce daga wannan ta gama, gwiwa ta ƙi. "Kada ka saida ko ƙusa sai ka zuba," in ji ta. Ibrah mai salla ne a sahun gaba, bai san me ya ɗauki ruwan ba, amma ya san abin da ya ɗauki maganar uwa. Ya yi mata alkawari.

Nafi'u ya tarbe shi a tashar Baleyara da fara'a, ya kalli allon, ya kalli kwaɗon, ya sosa ƙeya. Ya zaunar da shi a bencin mai shayi, ya zaro waya mai fasasshen gilashi ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ga shi. Allah shi sa albarka."

"Amin. To, mu tahi in ga wurin."

"Ai shi na wanga, Baba."

Ibrah ya juya wayar gaba da baya. Ya ɗauka zolaya ce ta yaran zamani, ya yi dariya don kada a ce bai waye ba. Nafi'u bai taya shi ba. Ya shiga nuna masa hotunan taya da fitila da birki, da sunayen mutane rututu, ya ce duk waɗannan masu saye ne.

"Ina kayan?"

"Suna Yamai, wurin manyan 'yan kasuwa. In anka yi oda, ka kira su, su ba direba."

"To direban, ina ɗakin ajiyarshi?"

Aka kai shi wurin direban, ya same shi kwance ƙarƙashin mota yana barci. Aka kai shi rumfar aika kuɗi, ya dafa kwalbar ya ce, "Nan na?" Nafi'u ya ce a'a, wannan ta wasu ce. Aka kai shi gidan su Nafi'u, inda wani kwali da 'yan buji ke ƙarƙashin gado, ya sake tambaya. Nan ma ba nan ba ne, ɗakin tsohuwar Nafi'u ne. Duk inda suka bi yana saɓe da allon, mutane na kauce masa suna karanta sunansa. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya. Ya bar rumfa mai inuwa ya sayi abin da ko akuya ba za a ɗaure a jikinsa ba.

Suna komawa benci wayar ta yi ƙara. Nafi'u ya danna, sai ga saƙon muryar wani Yazid, ɗan kabu-kabu daga Damana, yana cewa motonsa na wani kuka, a ji, a turo abin da ya dace kafin motar yamma ta tashi. Sai ƙarar inji ta biyo, kacau-kacau.

Ibrah ya kanga wayar a kunne, ya runtse ido. Tun safe sai yanzu ya ji abin da ya gane.

"Sarƙar ciki ta, ta saki," ya ce.

"To amsa mishi, Baba. Cinikinka na farko ke nan. In ka daɗe wani za shi kira."

Ibrah ya kasa, don bai cika alkawarin Inna ba tukuna. Ya ciro kwalbar ya riƙe ta bisa wayar, Nafi'u ya kama hannunsa da sauri, ya ce in ruwa ya shiga, shago ya mutu. Da ya rasa tudun dafawa, sai ya kira Zainabu, ƙanwarsa da ke kula da Inna, ya ce ta sa mata waya.

"Inna, shagon ba ya da ƙohwa."

"Ta taga aka shiga?"

"Babu taga. Babu bango ma."

Ibrah ya ƙara matse wayar a kunne. Ya ji kaji a bayanta, ya ji numfashinta mai nauyi, ya tuna da rarrafen da ta yi, idonsa ya ciko.

"Ibrah, masu saye hwa? Ta ina suka zo maka?"

"Magana suka yi, Inna, ni ko in saurara."

"Da mi?"

"Da kunne."

"To mi kaka nema kuma? Zuba. Ni na gaji da riƙon abin ga."

Ibrah ya jingine allon a jikin benci, ya cire hula. Ya yi bisimilla, ya karkata kai, ya tsiyaye ruwan a kunnen dama har ya gangara cikin wuyan rigarsa. Mai shayi ya tsaya da buta a hannu yana kallo. Nafi'u ya danna masa wurin magana.

"Yazid, Ibrah na, mai shagon," ya ce, ruwan na ɗiga daga haɓarsa. "Na ji motonka. Kada ka sake tada shi."