Kash, Ta Kama

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana girki a wani babban otal can nesa da gida, shi ya sa da ya dawo babu mai kiransa da sunan yanka. Kuku kawai, har a bakin Inna.

Da damina ciwo ya kama Inna, ya shanye mata hannun dama, ya tafi da rabin maganarta. Sai ga hutun kaka ya zo, lokacin da dangi ke cika gidan duk shekara saboda shinkafarta mai kabewa da naman rago. Shekara arba'in ba ta taɓa barin wani ya riƙe ludayin tukunyar nan ba. Bana Kuku ya ce shi zai dafa.

Ana jibi taro ya yi gwaji a ƙaramar tukunya. Ya auna komai da sikeli, ya yanka kabewa daidai wa daida, shinkafa ta fito wara-wara. Yayarsa, ma'aikaciyar jinya ce mai faɗa maka gaskiya ko kana kwance, ta kai cokali ɗaya baki ta ajiye.

"Da daɗi," ta ce. "Ta otal ce."

"Me ya rage? Gishiri?"

"Ni na sani? Ba ta Inna ba ce dai. Ka ga, kada ka ba mu kunya a gaban su Kawu. In ba za ta fito ba, bar mini kicin ɗin in dafa wani abu, kowa ya san bana babu."

Kuku ya rufe tukunyar. Ya ciyar da mutum ɗari biyar a zama ɗaya, amma ga mutum talatin sun hana shi sukuni.

Ranar taro da safe ya ɗauko Inna da kujerarta ya ajiye ta kusa da murhu. Ya sauko da babbar tukunyar, mai baƙin gindi da kunne ɗaya a lanƙwashe.

"Ka ɗauko mai duba jarrabawa ke nan," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Allah ya ba da sa'a, ranka ya daɗe."

Ya soya albasa, Inna tana kallo. Ya zuba nama, ya zuba kabewa. Da ya jawo sikeli sai ta kau da kai ta kalli bango, shi kuma ya mayar da shi cikin kabad. Shinkafa ta shiga, ta yi ta ɓararraka, ruwa ya tsotse. Can sai sautin tukunyar ya canja, ta fara wani ƙas-ƙas daga ƙasa. Kowane mai girki ya san wannan kiran. Ya kai hannu zai rage wuta.

Hannun hagun Inna ya cafke masa wuyan hannu. Bai san da sauran ƙarfi haka a jikinta ba.

"Inna, za ta kama."

"Bar... ta."

A shekararsa ta farko a otal, shugaban kicin ya taɓa juye tukunya guda a kwandon shara a gabansa saboda ɗan ƙauri. Tun daga ranar hancinsa bai sake yin sake ba. Yanzu ga shi tsaye, hannu a riƙe, abincin mutum talatin yana ƙonewa a kan idonsa.

Ƙaurin ya taso. Siriri, mai zaƙi-zaƙi, na kabewar da ta lasa gindin tukunya. Sai ya gane shi. Ƙamshin gidan nan ne a irin wannan rana, tun yana yawo ba wando. Ya tuno Inna tana fitowa duk shekara tana goge hannu da zane: "Kash, ta kama mini! Surutunku ne ya ɗauke mini hankali." Su kuma su ce ba komai, Inna, su cinye tas. Shekara arba'in, kuskure ɗaya, a daidai lokaci ɗaya, babu wanda ya taɓa tambaya.

Ya kalle ta. Idonta a rufe, tana shaƙa. Ta ƙara jira kaɗan, har zufa ta keto masa, sannan ta sake shi. Ya kashe wutar. Ta nuna masa tawul da haɓa, ya shimfiɗa a bakin tukunyar ya danne da murfi, hayaƙin ya koma cikin shinkafar.

Bayan azahar falo ya cika har baranda. Kawu, wan Inna, tsohon direba wanda haƙora suka gudu suka bar masa baki, shi ya fara kai loma. Ya tauna a hankali. Ya ƙara.

"Wa ya dafa?"

"Kuku," in ji mutum uku.

"Ƙarya kuke. Wannan hannun ƙanwata ne." Ya nuna Kuku da cokali. "Kai mai farar hula, a can suka koya maka wannan?"

"A'a, Kawu."

"Na sani. Su me suka sani? Ƙaro."

Daga nan magana ta ɗauke, sai ƙarar cokula. Yaya ta cinye farantin farko ba ta ɗaga kai ba. A na biyu ta tashi da kanta ta kinkimo tukunyar zuwa tsakiyar falo, tana kankare ƙanzo, Kawu yana cewa babba ake fara bai wa, tana cewa haƙoran fa.

"Har da ƙaurin," ta ce, bakinta cike. "Kai da takardunka, kai ma ta kama maka?"

Kuku ya dubi Inna. Tana kan kujerarta a gefe, ta zuba masa ido.

Ya goge hannu da tawul.

"Kash," ya ce. "Surutunku ne ya ɗauke mini hankali."

Rabin bakin Inna mai motsi ya ɗaga sama. Ta miƙa hannun hagu a ba ta ƙanzo.