Katin 'Yar Fari

Gidana da gidan Yusha'u direba katanga ce kawai a tsakani, ita ma ruwan bara ya rage mata tsawo. Saboda haka ko ban so ba, duk abin da matarsa Munawwara take yi a tsakar gida ina gani. Kuma ina so.

Matar nan ba ta zama. Da sassafe ta dama koko, ta wanke Mu'az da Khadija ta kora su makaranta, ta ɗora sanwa, ta yi wanki. Da ta samu sarari sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ta baje kayan sana'arta: kwalin taliya, almakashi, gam, ƙyallayen da take roƙowa wurin teloli, da 'yan duwatsun ado masu walƙiya. A waya ta koya. Katin suna, katin saukar karatu, katin barka da Sallah, har daga Tudun Kaya ake aiko mata. 'Ya'yanta kuwa, ko haƙorin Khadija ne ya fita sai an yi masa kati an manna a bango.

Amma 'ya'yan nata uku ne. Babbar, Fauziyya, tun da aka yaye ta take wurin uwar Yusha'u, wadda kowa ke kira Goggo, a wata ruga bayan Rogo. 'Yar fari ce, kun kuwa san kunyar ɗan fari, balle a gidan Fulani. Munawwara ba ta taɓa kama sunanta ba, "yarinyar Goggo" take cewa. In yarinyar ta zo hutu, uwar na miƙa mata abinci tana kallon bango.

Cikin azumi labari ya zo cewa Goggo za ta tashi. Gonaki sun cinye musu burtali, Barau ƙanin Yusha'u ya samo wuri can wajen Nasarawa, bayan Sallah za su kora shanu, ba kuma dawowa za su yi ba. Goggo ta aiko cewa yarinya ta yi wayo, ita za ta zaɓa da bakinta: ko ta bi ta, ko ta dawo nan Karaye wurin iyayenta. Za a haɗu washegarin Sallah a bakin dam, inda Yusha'u ya saba kai iyalinsa shan iska.

To ni na je Rogo sayen kanwa, na zauna wurin wata mai nono 'yar rugarsu. Ban tambaye ta komai ba, iyaka na ce ya mutanen gida. Na dawo ko mayafi ban cire ba na leƙa ta katanga.

"Munawwara, kin san me 'yarki ta ce?"

"Wacce, Iya Tani?"

"Wadda ba kya faɗar sunanta. Cewa ta yi me za ta zo yi a gidan da haƙori yake da kati, ita ba ta da shi."

Almakashin ya tsaya a hannunta. Ranar miyar buɗa-baki ta kama, har gidana na ji ƙauri. Washegari ta zuba wa kunu gishiri. Mu'az ya tafi makaranta da takalmi wari da wari ba ta lura ba. Ta rame a 'yan kwanakin nan fiye da ramar azumi.

Ranar jajibere ta shigo wurina da wani kati naɗe a baƙar leda. Ta buɗe min cikinsa kawai, fari fes, ta miƙo biro.

"Iya, ki rubuta sunan."

"Ke da kika yi sakandare? Ni ajin yaƙi da jahilci ma korata aka yi saboda surutu."

"Hannuna ba zai iya ba. Kuma ke za ki ba ta, ki ce ke kika saya. In Goggo ta ji daga gare ni ne, cewa za ta yi na zubar da kunya ina zawarcin 'ya a gabanta. Ta fusata ta janye maganar zaɓin, shi ke nan na rasa ta."

"To in yarinyar ta ɗauka ni ce, me aka yi ke nan?"

"Ta dai samu kati ita ma. Ki rantse ba za ki faɗa ba."

Na ce, "Allah Ya ba mu ikon rufa asiri." Ta ɗauka rantsuwa ce. Na rubuta sunan, haruffan suka tafi a karkace kamar sawun kaza a taɓo.

Washegarin Sallah muka cika motar Yusha'u, ni a gaba saboda gwiwa. Bakin dam ya cika da jama'a, masu suyar kifi, masu rake, samari na ta ɗaukar hoto a waya. Muka tarar da Goggo har ta iso, zaune a inuwa ta miƙe ƙafa, ƙwaryar fura a gabanta, Fauziyya a gefenta, doguwa siririya, hancin ubanta sak. Munawwara ta durƙusa ta gai da surukarta, ta tambayi shanu, ta tambayi Barau, ta tambayi har maruƙa. 'Yarta ta gaishe ta, ta amsa da "lafiya" tana gyara wa Khadija ɗankwali.

Aka ci dambu, aka sha fura. Munawwara dai cokali kawai take juyawa. Yusha'u ya ɗauki ƙananan ya kai su kallon kwalekwale ya dawo. Sai na zaro ledar.

"Ungo, kishiya, barka da Sallah. Kada ki ce ban taɓa ba ki komai ba."

Fauziyya ta sa hannu biyu ta karɓa, ta leƙa ciki, ta ga rubutuna, ta yi ɗan murmushi. "Na gode, Iya." Ko fito da shi ba ta yi ba, ta ajiye ledar a gefen tabarma ta ɗora murfin kula a kai don kada iska ta ɗauke.

Goggo ta goge baki. "To, ga ubanki, ga kowa. Rana na yi, hanyar Rogo ba kyau. Faɗi."

Yarinyar ta dubi uwarta. Uwar na kallon ruwa, ta damƙe gefen mayafi kamar za ta yaga shi. Wallahi da ta juyo ko sau ɗaya da an gama. Ba ta juyo ba.

"Ni dai," in ji Fauziyya, murya ƙasa-ƙasa, "tunda Goggo ce ta saba da ni..."

"Ke dakata!" na ce. "Wai ni kin taɓa jin na sayi abin da ba a ci? Katin nan uwarki ce ta yi shi. Sunan ne kawai ya gagare ta."

"Iya!" Munawwara ta rufe fuska. Yusha'u ya shiga neman makullin mota a aljihun da ya san ba ya ciki.

Goggo ta miƙa hannu, ta janye murfin kular, ta zaro katin daga leda. Sai a lokacin ni ma na ga bayansa. Ba walƙiya, ba fure. Ɗan guntun saƙi ne baƙi mai ratsin fari, ya koɗe, an ɗinke shi a jikin kwalin da zare, ɗinki ƙanana-ƙanana. Goggo ta kai shi kusa da ido, ta shafa, ta daɗe tana shafawa. Na ce a raina yau bakina ya raba uwa da 'ya.

"Wannan gefen zanin goyon da aka kawo min ita a ciki ne," in ji Goggo. "Shekara da shekaru ina zagin ɓera."

Ba wanda ya yi dariya sai ni, ni ma na haɗiye.

Goggo ta juya wurin surukarta. "Ashe ke ce ɓeran."

"Ki yi haƙuri, Goggo," in ji Munawwara ta cikin mayafi.

"Ban tambaye ki ba." Ta harare ni. "Ke kuma Tani, bakinki ko kwando ya fi shi riƙe ruwa."

"Ai da bakin nawa ya yi shiru da kin tafi da 'yar mutane, 'yar Fillo."

"'Yar mutane? Ni na yi mata tsarki, ni na cire mata ƙaya!" Muryarta ta karye a nan. Ta yi wa yarinyar magana da Fillanci, gajeriya. Fauziyya ta amsa, ita ma gajeriya, hawaye na zuba. Ban ji ko kalma ba, abin da ya fi ci min rai ke nan a ranar.

Goggo ta yunƙura ta miƙe, ta ɗaure ƙwaryarta, ta ce wa Yusha'u ya tsayar mata da mai babur, kuma jibi ya zo ruga ya ɗauki akwatin yarinya. Katin kuwa ta cusa shi cikin zaninta.

"Goggo, nawa ne fa," in ji Fauziyya.

"Ke kin samu mai yi. Ta yi miki wani."

Muka tsaya har babur ɗin ya ɓace a kwana. Fauziyya ta tsaya ita kaɗai a gefen tabarma, ba ta san inda za ta sa hannunta ba. Munawwara na ta harhaɗa kwanuka, tana sa murfin wannan a kan wancan. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Ke, kama min bakin tabarmar nan."

Yarinyar ta kama. Suka naɗe ta tare, daga nan da can, har hannuwansu suka haɗu a tsakiya.